DARASI: YADDA AKE KAFA ERIYAR REDIYO A WAJE DA YADDA AKE GANO CUTARTA

 Darasinmu na wannan fitowa a kan eriyar rediyo yake. Wani zai ce me ya haɗa mai shanu da eriya? To, duk wanda ya taɓa kwana uku a bakin iyaka da tirela cike da bisashe, ba ciyawa ba ruwa, don kawai sanarwa ba ta iske shi da wuri ba, ba zai yi wannan tambaya ba.

Dattawanmu ba su manta Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi. Wanda ya ji labari da wuri ya riƙe dabbarsa, wanda bai ji ba ya sayar a tsohon farashi, ya tafi gida yana murna. Mu kuma mun ga Agustan 2019, da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a fara buɗewa ba sai Disambar 2020. Mun sake ganin rufewa bayan sauyin mulkin Yulin 2023 a Nijar. A kowane karo, wanda ya riga ji shi ya rage asara. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Gaskiya ne yanzu kowa da salula a aljihu. Amma mun san inda sabis yake ƙarewa, mun kuma san yawancin hanyoyin kora suna bayan wurin. Rediyo ba ta cin kati, kuma mutum ashirin na iya sauraren guda ɗaya a ƙarƙashin rumfa.

ABIN DA YA SAME MU

Mun haɗa kuɗi mun sayi rediyon nan mai laluben tashoshi da kanta, wadda ake kira sikana, muka ajiye ta a ofishinmu na kara. Nufinmu biyu ne: mu riƙa jin yaranmu masu kora da masu lodi da ke riƙe da oba-oba, mu kuma kamo tashoshin FM na garuruwan da ke ƙetaren iyaka. A cikin ofis ba ta kama komai sai shuuu, don rufinmu na kwano ne, shi kuwa kwano tare sigina yake yi. Sai muka ɗaura eriya a kan gora, muka jawo waya. Duk rani tana aiki lafiya lau. Ruwan farko na sauka, da sati biyu ta kurumce. Muka yi ta zagin wanda ya sayar mana, har muka aika a mayar masa. Mai gyara ya jona ta da tasa eriyar, sai ga ta tana magana tangaran. Ashe ruwa ne ya shiga ta mahaɗar waya can sama, ya bi cikinta ya ɓata ta. Mun yi asarar kuɗin mota, mun kuma ci zarafin mutum a banza.

Darasin ke nan a taƙaice: in rediyo ta yi shiru, a fara tuhumar waya da mahaɗarta kafin a tuhumi rediyon. Sauran bayanin duk tsokaci ne a kan wannan.

KOWACE REDIYO DA ERIYARTA

Kafin a sayi ko ƙusa ɗaya, a san abin da ake son ji, domin tashoshi ba a zango ɗaya suke ba. Ana auna zangon da megahaz, wato lambobin nan da muke gani a fuskar rediyo.

Gajeren zango yana tsakanin megahaz 3 da 30. Nan ne ake cewa mita 49, 41, 31, 25, 19 da 16. Muryarsa tana hawa sama ta dawo ƙasa, shi ya sa take ƙetare ƙasashe. Tashoshin FM suna tsakanin 87.5 da 108. Oba-oba kuma wasu suna wajen 150, wasu wajen 400 zuwa 470. FM da oba-oba muryarsu miƙewa take yi kamar gani da ido, tudu ko dogon gini na iya tare ta.

Mafi yawan sikana daga wajen megahaz 25 suke farawa zuwa sama. Ke nan ba za su kamo mana manyan tashoshin gajeren zango ba, wannan aikin rediyonmu ce ta da. Haka kuma wasu sikana ba su da FM na gidajen rediyo, don haka a tambaya kafin a biya. Ofis mai son duka biyun sai ya kafa eriya biyu: tsayayya don sikana, da doguwar waya a kwance don gajeren zango.

TSAWON SANDAR ERIYA

Eriya ba a yanke ta da ka. Kowane zango da tsawon da ya dace da shi, kuma lissafin bai kai na canjin naira da sefa wuya ba. A ɗauki 7100 a raba da lambar megahaz, abin da ya fito shi ne tsawon sandar a santimita.

Don tsakiyar FM, wato 98, sanda za ta kama santimita 72. Don oba-oba mai 150, santimita 47. Don mai 446, santimita 16 kacal. Kun ga ke nan tsawo ba shi ne ƙarfi ba. Wanda ya sa sanda mai tsawon gaba biyu don ya ji oba-oba mai 446 wahalar banza ya yi.

Mai gyara na iya ƙera wannan eriya a gabanmu. Zai samo soket mai kusurwa huɗu da ake kira SO-239, ya like sandar jan ƙarfe a tsakiyarsa da dalma, tana kallon sama. A ramukan kusurwa huɗun sai ya ɗaura wasu sanduna huɗu masu tsawo ɗaya da ta saman, ko su ɗara ta kaɗan, ya lanƙwasa su ƙasa rabi da rabi, kamar haƙarƙarin laima. Shi ke nan. Tana kamawa daga kowace kusurwa, gabas da yamma, kudu da arewa.

Wanda yake son eriya guda ta ɗauki FM da oba-oba iri biyu gaba ɗaya, sai ya nemi ta kanti da ake kira diskon. Ita ce mai faifan sanduna a sama da wasu sanduna a ƙasa masu siffar malafa. Ba ta kai wadda aka yanka don zango ɗaya ƙarfi a wannan zangon ba, amma tana taɓa ko'ina, shi ya sa aka fi haɗa ta da sikana.

TSAYI DAGA ƘASA

Ga FM da oba-oba, tsayi ya fi komai. Ga lissafin da masu aikin suke yi a fili shimfiɗaɗɗe: eriya a mita 4 tana hangen kamar kilomita 8, a mita 9 kamar kilomita 12, a mita 16 kamar kilomita 16. Sai a haɗa da hangen wancan ɓangaren. Yaro a tsaye da oba-oba a hannu yana da kamar kilomita 5. In tamu tana mita 9, iyakar abin da za mu sa rai tsakaninmu da shi kilomita 17 ne, in babu tudu ko gari a tsakani, kuma sau da yawa ba ya kaiwa haka. Gidan rediyo mai hasumiyar mita 100 kuwa shi kaɗai yana da kamar kilomita 40, a haɗa da namu 12, an haura 50.

A lura da abu guda a cikin lissafin nan. Daga mita 4 zuwa 9 mun ƙara mita 5, mun sami kilomita 4. Daga 9 zuwa 16 mun ƙara mita 7, kilomita 4 ɗin dai muka samu, ga ƙarin kuɗin ƙarfe, ga iskar bazara, ga tsawa. Don haka mita 8 zuwa 10 ya ishi yawancin ofisoshinmu. Abin da ake bukata shi ne eriya ta haura rufin kwano da mita ɗaya ko biyu, ta kuma fita daga cikin ganyen itatuwa.

WAYA ITA CE BURTALI

Mu da muke kora mun san sa mai ƙiba in ya yi doguwar tafiya a ƙasa, ba da naman da ya taso yake isa kasuwa ba. Haka sigina take a cikin waya, kowace mita sai ta rage wani abu. In burtalin ya yi tsawo kuma ba shi da kyau, abin da eriya ta kamo a sama kafin ya iso rediyo ya rame.

Wayar da ake nufi ita ce mai zuciya a tsakiya, da farar roba kewaye da ita, da raga ta ƙarfe, sannan baƙar riga a waje. Ana rubuta sunanta a jikin rigar. Siririyar nan RG-58 a zangon FM tana cinye rabin sigina a kamar mita 20, a zangon 400 kuwa a kamar mita 10 ta cinye rabin. RG-6, wato wayar dish da ke kowace kasuwa, sai ta yi fiye da ninkin wannan tafiya kafin ta ci rabi. Don saurare kawai, RG-6 mai kyau ta wadatar, ga ta da sauƙin samu. Amma wanda zai jona oba-oba ta ofis don ya yi magana, sai ya nemi waya mai om 50, kamar RG-213 mai kauri. RG-6 om 75 ce.

Wajen saye a sa a fere bakin wayar a duba ragar. In ta yi shara-shara, silin ƙarfe ƙalilan, a bar musu kayansu, araha ba ta ado. A auna tazarar a yanko guda ɗaya ba haɗi, a ƙara mita biyu saboda lanƙwasa. Kada a bar ragowar mita ashirin a naɗe bayan ƙofa wai don wata rana, ita ma ci take yi.

YADDA AKE KAFAWA

1. A zaɓi wuri. A ɗaga kai a duba wayar lantarki tun kafin a taɓa ƙarfe. Ƙa'idar ita ce tazarar da ke tsakanin gindin sanda da wayar lantarki ta ninka tsawon sandar da eriyarta sau biyu. Sanda mai mita 9, tazara mita 18. In wurin bai kai haka ba a canja wuri. Bututun ƙarfe in ya faɗa kan wayar wuta, duk wanda hannunsa ke kai ya tafi, kuma babbar waya tana iya tsallako wa ƙarfe tun bai taɓa ta ba. Wannan ba abin gwaji ba ne.

2. A haɗa komai a ƙasa. A ɗaura eriya a kan bututu, a jona waya, a jona rediyo, mutum biyu su ɗan ɗaga a ji ko tana kamawa. Ba a fafe gora ranar tafiya, gyara a ƙasa ya fi gyara a kan tsani.

3. A rufe mahaɗa. Nan muka faɗi, don haka nan za mu daɗe. Bayan an ɗaure kan waya da kyau, a naɗe shi da roba mai kama jikinta da kanta, irin ta masu haɗa wayar rijiyar burtsatse. A fara naɗi daga ƙasa a hau sama, kowane zagaye ya hau rabin na bayansa, yadda ake jera kwano ruwa ya gangara. A bi samanta da baƙin salatif na masu lantarki zagaye biyu, saboda rana. Baƙin salatif shi kaɗai ba ya kai shekara a ranarmu, sakin jiki yake yi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa kuwa ko tsagar allura ta ishe shi.

4. A ɗaure waya a jikin bututu kowace rabin mita, don nauyinta kada ya rataya a kan mahaɗa. Kada a matse ta har ta lotse, kada a karya ta kamar gwiwar hannu, a lanƙwasa ta a hankali.

5. A haƙa rami kamar mita ɗaya, a kafa gindi da siminti, ko a ɗaure bututun a bango da maɗauri biyu. Gora da itace suna aiki na ɗan lokaci, amma gara tana jiran su.

6. A ɗaga da safe, iska a kwance, ba hadari. Mutum huɗu: ɗaya a gindi, biyu suna ɗagawa, ɗaya a gefe yana kallon sama yana ba da umarni. In sanda ta kuɓuce a sake ta ta faɗi, eriya ana sake sayen wata.

7. A ja igiyoyin ƙarfe uku daga wajen kashi biyu cikin uku na tsayin sanda zuwa turaku uku, tazara daidai kamar duwatsun murhu. A kara muke, don haka a kewaye turakun da ƙaya ko shinge. Sa in ya sami wurin susa ba ya tambayar mai shi.

8. Inda waya za ta shiga ɗaki, a bar ta ta sauko ƙasa da ramin shigar kaɗan sannan ta hau ta shiga, don ruwan da ya biyo ta ya ɗiga a waje. Ƙasan wayar, inda akuya za ta iya kaiwa, a zura shi cikin bututun roba.

DOGUWAR WAYA TA GAJEREN ZANGO

Wannan ba ta da wuya. Waya mai riga ta jan ƙarfe, mita 10 zuwa 20, a miƙe ta daga ofis zuwa itace ko sanda, iya tsayin da aka samu. Kowane baki a ɗaura shi da guntun bututun roba, sannan igiya ta ɗauka daga nan, don wayar kada ta taɓa itace ko ƙarfe. In a itace aka ɗaura a bar sassauci, iska na kaɗa reshe. Kada ta bi ta sama ko ta ƙarƙashin wayar lantarki ko kusa. Bakin da ya shigo ɗaki a maƙala shi a sandar rediyo. In tashoshi suka hau kan juna, ƙarfin ya yi wa ƙaramar rediyo yawa, sai a cire a naɗa wayar da rigarta sau biyar ko shida a jikin sandar.

A tuna gajeren zango da lokaci yake tafiya. Da rana mita 19 da 16 sun fi fitowa, da dare mita 49, 41 da 31. Murya ta riƙa tafiya tana dawowa halinsa ne, ba cuta ba ce.

TSAWA DA TURKEN ƘASA

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Wanda ya kafa ƙarfe mafi tsayi a kara ya san abin da ya gayyato. A kafa turken ƙasa, wato sandar ƙarfe mai rufin jan ƙarfe, kamar mita biyu da rabi, a buga ta cikin ƙasa dab da gindin sanda. A haɗa ta da bututun da waya mai kauri ta jan ƙarfe, gajeriya, miƙaƙƙiya, ba naɗi. Ragar wayar eriya ita ma a haɗa ta da turken kafin ta shiga ɗaki. Busasshen rairayi ba ya karɓar wuta da kyau, don haka a nemi wuri mai laima, a riƙa zuba ruwa a gindin da rani.

Amma kada turke ya ruɗe mu. Yana rage ɓarna, ba ya sa a zauna kusa da rediyo ana tsawa. Da an ga hadari ya haɗo, tun yana nesa, a cire wayar eriya daga rediyo a fitar da bakinta waje, a nisanta shi da mutane. In an fara walƙiya ba a cire ba, an makara, kada kowa ya taɓa. A naɗa mutum guda wanda wannan aikinsa ne, da mataimaki, domin aikin kowa da kowa ba mai yin sa. Da dare da ranar da ba kasuwa a bar ta a cire.

Ko ba ruwa, iska mai ƙura ta hunturu da guguwar gaban hadari suna tara wuta a jikin doguwar waya, har a ji tana ƙyas-ƙyas. Wannan na iya ƙona cikin rediyo. A irin ranar nan ma a cire.

GANO CUTA

Mai sayen saniya yana bi daki-daki, baki, ido, ƙafa, bai tsallake. Haka za mu yi.

Mataki na farko kullum: a cire wayar waje, a mayar da 'yar sandar da rediyon ta zo da ita, a fita fili a nemi tasha ta kusa mai ƙarfi. In ta kama, rediyo lafiyarta lau, cutar tana waje. In ba ta kama ba, a duba batir, sannan a duba maɓallin SQL. Aikinsa toshe shuuu, amma in aka murɗa shi da yawa yana toshewa har da magana. A mayar da shi baya sai shuuu ya fito, sannan a murɗa kaɗan daidai inda ya ɗauke. A duba kuma ko wani ya danna ATT, wanda ke rage ƙarfin sigina, da ko an zaɓi salon da ya dace: WFM don gidajen rediyo, NFM ko FM don oba-oba.

In eriyar waje ba ta fi 'yar sanda kamawa ba: waya ta katse, ko zuciya ta taɓa raga. A cire wayar daga baki biyu, mai gyara ya sa maltimita tsakanin zuciya da raga. Bai kamata su haɗu ba. In sun haɗu, yawanci silin raga guda ne ya taɓa zuciya a cikin kan waya, a yanke a sake haɗawa. Sannan a haɗa zuciya da raga a baki ɗaya da guntun ƙarfe, a gwada a ɗaya bakin. Yanzu ya kamata su haɗu, in ba su haɗu ba wayar ta katse a hanya. A tabbata an cire eriyar kafin gwajin, don wasu eriyoyin a haɗe aka ƙera su.

In da tana kamawa, bayan ruwa ta rage: cutarmu ke nan. A sauke, a kwance mahaɗa, a fere. In raga ta yi baƙi ko kore, ko ta zama gari, a yi ta yankewa har a iske mai ƙyalli. In an yanke mita biyu ba a iske ba, a canja wayar duka.

In tana yankewa lokacin iska: wani abu ya saki. A girgiza sanda a hankali wani yana saurare, a bi da hannu a motsa wayar gaɓa-gaɓa. A duba cizon ɓera da taunar akuya.

In akwai ƙugi ko zzzz: wannan yawanci daga cikin gida yake. A sa rediyo a batir, a kashe komai na ofis, a riƙa kunnawa ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda aka fi kamawa su ne cajar salula mai araha, ƙwan fitila na zamani, inbata ta sola, da janareta. Rumfar masu cajin waya in tana maƙwabtaka, a kai eriya can ɗaya gefen.

In tasha ɗaya tana fitowa ko'ina: akwai gidan rediyo ko hasumiya mai ƙarfi kusa, ta cika wa sikana kunne. Nan ne ATT yake da amfani. Kada a sayi busta, ƙara cutar take yi. Busta ba ta gyara ruɓaɓɓiyar waya, tana ɗaga murya da hayaniya tare.

In ana jin gurnani kamar inji maimakon magana: masu wannan zangon sun koma tsarin dijital ko sun kulle maganarsu. Eriya ba ta da laifi. Haka kuma sikana ba ta jin hirar salula, duk wanda ya ce tana ji yana son kuɗinmu ne.

Rigakafi ya fi magani. Sau biyu a shekara a sauke sanda a duba: kafin ruwan farko, da bayan kaka.

MAGANAR HUKUMA

Wannan kada a tsallake ta. Sauraren gidajen rediyo ba ya bukatar izini. Amma na'urar da ake magana da ita tana ƙarƙashin hukumar sadarwa ta kowace ƙasa: ARCEP a Nijar da Cadi, ART a Kamaru, NCA a Ghana, haka Najeriya da nata hukumomin. Takardar wannan ƙasa ba ta aiki a waccan. Kafin a sayi oba-oba ko sikana, shugabannin reshe su je su tambaya, su karɓi amsa a rubuce. Kafin a ɗaga sanda a sanar da sarkin kasuwa da jami'an tsaro na wurin, su zo su gani da idonsu. A halin tsaron da yankunanmu suke ciki, doguwar eriya da ba a san mai ita ba tana jawo zargi, kuma bafataken da aka samu da irin wannan na'ura a jaka a shingen duwan ko jandarma ba tare da takarda ba zai sha tambaya, shanunsa na tsaye a rana. A bar sikana a ofis. A sa mata lambobin oba-obanmu da na gidajen rediyo kawai. Zangon jami'an tsaro da na jiragen sama ba kiwonmu ba ne, kada mu shiga.

TAMBAYOYIN BITA

A karanta wa waɗanda ba su karatu, a amsa tare a taron reshe:

1. Oba-obanmu tana kan 160. Santimita nawa za a yanke sanda?
2. Sandarmu mita 8 ce har da eriya. Mita nawa za ta nisanci wayar lantarki?
3. Rediyo ta yi shiru bayan ruwan farko. Mene ne gwajin farko, kuma ina za a duba bayansa?
4. Wane ne a reshenmu aka ɗora wa cire waya in hadari ya taso, wane ne mataimakinsa?

Tambaya ta huɗu ba mu da amsarta a nan, kowane reshe shi zai ba da tasa, kuma muna so a aiko mana da ita kafin damina. Wanda ya kafa tasa ya ci karo da wata matsala da ba mu ambata ba, ya ba sakataren reshensa ya kawo, za mu duba ta a fitowa ta gaba. Allah Ya ba da kasuwa, Ya kai kowa gida lafiya da dukiyarsa.